Ajiye samfefar nan tukuna

Tun jiya kake bi na da tambaya: Maigida, me ya sa bindigar da magadan nan suka kawo ta kwana uku a kan tebur ba ka yanka mata kuɗi ba, kuma me ya sa da na ɗauko samfefa zan goge tsatsar ka daka mini tsawa? To jawo kujera ka zauna, ɗana. Amma kafin komai, ja sakatar bindigar baya ka leƙa ciki. Na san na duba ta shekaranjiya. Sake dubawa. Bindigar gado ba a yarda da ita, don mamaci ba ya tashi ya ce maka ya bar harsashi a ciki.

Yawwa. Yanzu juyo ta wajen haske ka karanta abin da ke saman ƙarfen nan. Mannlicher Schoenauer, M.1903. Ƙirar garin Steyr ce a ƙasar Ostiriya. Mutum biyu ne a sunan: Ferdinand Mannlicher shi ya tsara sakatar, Otto Schönauer kuma ya tsara gidan harsashin, wannan mai juyawa kamar ƙwarƙwaron zare, mai cin guda biyar. Dubi hannun sakatar, faffaɗa kamar bakin wuƙa. Dubi katakon, ya bi bututun har baki, ga kunama biyu, ta baya a ɗana, ta gaba a taɓa ta kaɗan ta tashi. Wanda ya san irinta daga nesa zai gane ta.

Sai dai sunan kawai bai isa ba, kuma nan ne ake cin sababbin shiga. Sojan Girka sun karɓi wannan ƙirar a 1903, an ƙera musu ita da yawan gaske, mai cin harsashi iri ɗaya da wannan, 6.5x54. Bayan an daina yayinta sai aka riƙa saye da araha, a datse bututu, a fefe katako, a mai da ita kamar ta farauta. Wadda aka haifa ta farauta da wadda aka yi wa kaciya daga baya, tsakaninsu a kasuwa kamar doki ne da jaki. Ta soja za ka ga tambarin Girka a samanta, ko kuma ka ga shafaffen wuri inda aka kankare shi. Wannan tamu babu ko ɗaya.

Shekarunta kuma ita da kanta ta faɗa. A gefen hagu an rubuta Oesterr. Waffenfabr.-Ges. Steyr, tsohon sunan kamfanin ke nan, wanda aka sauya a 1926 ya koma Steyr-Werke, a 1934 kuma ya zama Steyr-Daimler-Puch. Ka ga ke nan ta girmi 1926. Da na cire katakon jiya, ka tuna na nuna maka ƙananan lambobi a ƙasan bututu, da ɗigo, sannan 24? Shekarar da aka gwada ta ke nan a gidan gwajin bindigogi, 1924. Kusa da su kuma ga wani rubutun Ingilishi ƙanana, Not English Make. Gidajen gwaji na Landan da Bamingam sun riƙa buga wannan a kan bindigar da aka shigo da ita daga waje tsakanin 1925 da 1955. Ashe ta biya ta Ingila kafin ta iso hannun kakansu. Duk wannan labarin a fatar ƙarfe yake, zurfinsa bai kai kaurin farce ba. Shi ne kake shirin bi da samfefa.

Bari in ba ka labarin abin da ya sa na yi maka tsawa. Ina kamar kai, wani mutum ya kawo wa maigidana irin wannan, ta mahaifinsa. Don ya burge mai saye, sai da ya fara kai ta wajen mai fentin mota. Aka goge ƙarfen har yana ɗaukar ido, aka malala wa katakon banis mai kauri kamar zuma. Maigidana ya shafa gefenta da babban yatsa sau ɗaya, ya miƙa masa abinsa. Kusurwoyin da kamfani ya fitar da kaifi duk sun dulmuƙe sun zama kamar sabulun da aka jima ana wanka da shi, haruffan sun yi dishi-dishi, bakin ramukan sukurori sun lotsa. Mutumin ya biya kuɗi an cinye masa fiye da rabin darajar kayansa, yana ta godiya ga mai fenti. Har yau in na ga tsohuwar bindiga tana ƙyalli fiye da shekarunta, gabana faɗuwa yake.

Masu tara irin waɗannan kaya, abin da suke saye shi ne hannun maƙerin farko. Baƙin rinin da aka yi wa ƙarfe a Steyr, ko ya koɗe, ya fi sabon rini na jiya tsada. Shi ya sa in suna kwatanta bindiga sukan ce kashi kaza cikin ɗari na rinin asali ya rage. Wannan, a idona, wajen kashi sittin. Dubi inda ya koɗe: ƙarƙashin ciki, daidai inda tafin hannu yake riƙewa in ana tafiya a daji, sai kuma bakin bututu. Koɗewar gaskiya ke nan, ta mai amfani da kayansa. Jan tsatsar da ta yi fure a sama kuwa, man keke da tsumma mai laushi sun ishe ta, a hankali, kwana biyu ko uku.

Lambobi kuma sai sun yi daidai. Wadda ke jikin uwar ƙarfen, wato gidan da sakatar ke shiga, ita za ka nema a kan sakata, da bututu, da cikin katako. Tamu duk sun dace. Da sakatar ta wata ce, da farashi ya faɗi, kuma da ban yarda a harba ta ba sai an auna ko sakatar ta zauna daidai.

Yanzu ɗaga ta ka leƙa ta cikin bututun, ka sa farar takarda a ɗaya ƙarshen. Ka ga layukan nan da suke murɗawa? Su ke juya harsashi ya tafi saiti. Suna nan da kaifinsu, amma dubi tsakaninsu, akwai duhu-duhu kamar zanzana. Harsasan wancan zamani, hular da ke tayar da albarushinsu tana barin wani gishiri a ciki, in ba a wanke da ruwa a ranar ba, sai ya jawo danshi ya ci ƙarfe. Damina ɗaya ta isa. Wannan ta ɗan taɓu, ba ta mutu ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ramukan nan biyu na gefen hagu. Wani ya huda don ya ɗaura madubin hange. Ita wannan ƙirar, hannun sakatarta ta tsakiyar saman uwar ƙarfen daga baya yake ratsawa, don haka madubi ba ya zama a samanta cikin sauƙi, sai mutane su koma su huda gefe. Madubin ya ɓace, ramuka sun zauna. Ko an cike su da walda, mai ido zai gani, kuma zai rage kuɗi. Amma buɗe murfin ƙarfen nan na gindin ƙota. Ka ga sandar goge bututu, gaɓa-gaɓa, tana kwance a raminta? Yawanci ta daɗe da ɓata. Wannan ta ɗan mayar mana da wani abu.

Sai maganar da babban ɗan ya yi, wai wani Baturen mulki ne ya ba kakansu. Mai yiwuwa ne, hatimin Ingila ma bai ƙaryata shi ba. Amma labari ba ya hawa sikeli sai da takarda: tsohon lasisi mai ɗauke da wannan lambar, ko rasit, ko hoton tsohon riƙe da ita. Na ce su bincika adakar mamacin. Kowane mai sayarwa yana da Baturensa. In ka ji su a can waje, rabin masu irin wannan sai sun ambaci Bell, maharbin giwayen nan na Karamoja a Yuganda, don ya taɓa amfani da irinta. Amfani da irinta daban, riƙe ita wannan ɗin daban.

To nawa ke nan? Nan ne dalilin kwana ukun. Kuɗin da mai kaya ya sa a intanet buri ne kawai. Abin da nake nema shi ne nawa aka sallama irinta, mai irin wannan lafiya da irin wannan rauni, a gidajen gwanjo kamar Holts a Ingila ko Rock Island a Amurka, cikin shekara biyun nan. Daga ciki kuma a cire la'adar gidan gwanjo. Sannan ka tuna wancan farashin na can ne. A nan Najeriya, dokar bindigogi ta 1959 ba ta bar kowa ya riƙe ko ya sayar ba sai da izinin hukuma, fitar da ita waje kuma wata doguwar hanya ce ta takardu. Harsashinta ma ba a samu a nan, kuma gidan nan mai juyawa an yanka shi ne daidai dogon harsashinta mai zagayayyen kai, ba ya karɓar baƙo. Maharbi ba zai taya ta da daraja ba. Mutanen nan kuwa rabon gado za su yi, akwai marayu a ciki. In na faɗi kuɗin Landan, wanda ta faɗa rabonsa ya cutu. In na faɗi tayin maharbi, sauran sun cutu.

Don haka kuɗi biyu zan rubuta musu, kowanne da dalilinsa a ƙarƙashi, su kai wa malamin da zai raba. Kai kuma ɗauko littafin shago ka rubuta lambar, da shekarar, da kowane hatimi yadda yake, da ramukan nan biyu. In ka gama za mu mayar da katakon. Kawo sukundireban nan da na wasa bakinsa, wanda ya cika tsagar sukurun daidai, kada ka kusance ta da na kasuwa.