Direban da ba ya cika alƙawari: wace kalmar Turanci ce ta dace da shi?

Tambaya: Malam, an sa ni in rubuta rahoto da Turanci a kan wani direba a wurin aikinmu. Yau ya zo, gobe babu shi, in ya ce ƙarfe 8 sai ka gan shi 11. Na so in rubuta cewa shi traitor ne, abokin aikina ya ce kada in kuskura. Wace kalma zan sa?

Amsa: Ɗan'uwa, abokin aikinka ya yi maka gata. Da ka sa wannan kalmar, da manajan da zai karanta ya ɗauka direban ya sayar da sirrin kamfani ne.

Kalmar da kake nema ita ce unreliable. Ana faɗinta ga wanda ba a iya dogaro da shi, ko da zuciyarsa fes take. Ba ta zargin mutum da mugun nufi, shi ya sa har mota ko wutar lantarki ana iya kiranta haka. Matasan Amurka kan ce flaky ga mai yawan saɓa alƙawari, amma wannan ta hira ce, ba ta shiga takardar ofis.

Da zarar ka ce untrustworthy, ka taɓa halin mutum. Kana nufin ba a ba shi ajiyar kuɗi ko ta magana. Idan direban nan yana karɓar kuɗin mai na lita 40 ya zuba 25, to nan ne wurinta, ko kuma dishonest. Sai dai ka tabbata kana da rasit a hannu, domin zargi irin wannan a rubuce yana iya komawa ƙarar ɓata suna. Mutanen Ingila suna da dodgy, Amurkawa sun fi cewa shady, duka ga wanda take-takensa ba su kwanta maka ba alhali ba ka kama shi da komai ba.

Disloyal kuwa sai da wata alaƙa a tsakani: aboki, ubangida, jam'iyya. Baƙon da ya cuce ka a tasha ba disloyal ba ne, don dama babu wata biyayya da kake binsa. A wannan layin akwai backstabber, mai yi maka dariya a gaba yana yi maka zagon ƙasa a baya, da two-faced, wato mai fuska biyu. Fair-weather friend shi ne ɗan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa, ranar da aljihu ya bushe ka neme shi ka rasa. Ɗan siyasar da ya sauya sheƙa, jaridunmu kan rubuta defector ko decampee, ta biyun kuma ƙirar Najeriya ce, Bature zai yi ta kallonka. In ana son a ci masa fuska sai a ce turncoat.

Traitor ita ce ƙololuwa, ta wanda ya ci amanar ƙasarsa ko jama'arsa, kuma laifin da kotu ke tuhumarsa da shi sunansa treason. Nauyinta ya kai har sunayen wasu mutane sun zama zagi. Vidkun Quisling ɗan siyasar Norway ne da ya haɗa kai da sojojin Hitler lokacin da suka mamaye ƙasarsa a 1940, aka yanke masa hukuncin kisa aka harbe shi a 1945. Har gobe quisling na nufin ɗan ƙasa mai yi wa 'yan mamaya aiki. A Amurka kuma in aka kira ka Benedict Arnold an gama da kai: janar ne da ya ƙulla miƙa sansanin West Point ga Ingila a 1780. Ka ga direban da barci ya kwashe bai kai nan ba.

Ni shawarata, ka rage laƙabi ka yawaita hujja. Rubuta “He has been unreliable”, sannan ka jero ranakun da bai zo ba, da lokacin da aka sa masa da wanda ya iso. In an taɓa ba shi takardar gargaɗi, ka haɗa kwafinta da rahoton.