Lambar da ke ƙasan kuɗin tikiti: amsoshin tambayoyinku kan hayaƙin jirgin sama

Assalamu alaikum. Ina shirin tafiya Umara daga Kano. Ɗana yana duba mini tikiti a waya, sai muka ga a ƙarƙashin kowane jirgi an rubuta kilo kaza na iskar kabon. Google Flights ya ba da lamba ɗaya, wani shafin Jamusawa mai suna atmosfair ya ba da wadda ta fi ta nesa ba kusa ba. Wacce ce gaskiya, kuma ya dace in yi la'akari da ita wajen zaɓen tikiti? Daga wata malamar makaranta mai ritaya, Kano.

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah Ya kai ki lafiya, Ya karɓi ibada. Babu wanda ya yi miki ƙarya a cikinsu, mudun awon ne ba ɗaya ba.

Man jirgi ɗan'uwan kananzir ne. Duk kilo ɗaya da ya ƙone yana fitar da kilo 3.16 na iskar kabon, domin kabon ɗin da ke cikin man yana haɗuwa da iskar oksijin, nauyi ya ƙaru. Wannan lambar ce kaɗai tabbatacciya a cikin lissafin. Sauran duk kintace ne: wane irin jirgi ne, sabo ko tsoho, ya cika ko rabinsa kujeru ne babu kowa, kaso nawa za a ɗora wa kayan da ke cikin jirgin, kaso nawa a kan fasinja.

Za ki iya yin lissafin a bayan ambulan. Daga Kano zuwa Jidda kilomita 3,400 ne ko kusa da haka. A 2019 matsakaicin abin da fasinja ɗaya ke jawowa a duniya ya kai wajen giram 90 a kowace kilomita. Zuwa da dawowa ke nan wajen kilo 600. Litar fetur ɗaya tana fitar da kilo 2.3, saboda haka tafiyarki ta yi daidai da janareta ya sha lita 260. Abin da ake lissafa wa ɗan Najeriya ɗaya na hayaƙin mai da gas da makamantansu a shekara guda ma bai wuce hakan da yawa ba, na ɗan Nijar kuwa bai kai rubu'insa ba.

To me ya sa lambar Jamusawa ta yi tsalle? Kin san fararen layukan nan da jirgi ke ja a sararin sama? Tururin da ke fita daga injin ne yake daskarewa ya zama ƙanƙara saboda tsananin sanyin can sama. Wani lokaci layin ya ɓace nan take, wani lokaci ya bazu ya zama siririn gajimare da ke tare zafin da ya kamata ya fita daga duniya, musamman da dare. Wani babban nazari da aka buga a 2021 ya nuna cewa waɗannan gizagizai da sauran iskokin injin su ne kusan kashi biyu bisa uku na ɗumamar da jiragen sama ke haddasawa. Sai dai gajimaren sa'o'i yake yi ya watse, iskar kabon kuwa tana daɗewa ɗaruruwan shekaru, shi ya sa masana ke ta ja-in-ja kan yadda za a haɗa su a lamba guda. Ma'aunin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, kabon kawai yake ƙirgawa. Google ya cire sauran daga lissafinsa a 2022. Su atmosfair suna sakawa. Gwamnatin Birtaniya ta shafe shekaru tana ninka lambar da 1.9 saboda wannan dalili. Ni ina tare da masu sakawa, domin zafin da gajimaren ke tarewa zafi ne na gaske, ko da auna shi na da wuya.

Shawarata: ki tsaya a shafi ɗaya ki kwatanta jiragen da juna, kamar yadda ba kya auna gero da mudun Dawanau sannan ki sayar da tiyar Maraɗi. Kada bambancin kilo 20 ko 30 ya sa ki biya ƙarin kuɗi, kuskuren kintacen ma ya fi haka. Hanya ce abin dubawa. Idan jirgin zai yada zango a Addis Ababa, tafiyar ta koma wajen kilomita 4,700, ƙarin fiye da kashi ɗaya bisa uku, ga kuma tashi na biyu, wanda a nan jirgi ya fi shan mai. In kamfanin jirgin yawonku yana da na kai-tsaye kuma aljihu zai ɗauka, shi za ki hau. Ƙafafunki ma za su huta.

Kuma Hajiya, kada wannan ya zame miki nauyi a zuciya. Wani bincike na 2020 ya gano cewa a 2018 mutum 11 cikin 100 ne kawai suka hau jirgi a duniya, kuma kashi 1 cikin 100 na mutanen duniya ne suka jawo rabin hayaƙin jiragen fasinja. Wadda ta tara kuɗin fansho don ta ga Ka'aba ba ta cikin waɗannan.

Ina kasuwancin yadi a Kantin Kwari, ina zuwa Guangzhou sau huɗu a shekara. Ejan ɗina ya ce in riƙa hawa kujerar bizines, wai jirgin zai tashi ko da ni ko babu ni. Sannan wurin biyan kuɗi ana tambayata ko zan ƙara 'yan daloli don a goge hayaƙina. In biya?

Alhaji, kai ne lissafin nan ya fi shafa. Ta Addis Ababa, zuwa da dawowa ya haura kilomita 22,000, wato tan ɗaya da rabi zuwa biyu na kabon a kujerar gama-gari (tan ɗaya kilo 1,000 ne). Sau huɗu ya kama tan shida zuwa takwas, alhali matsakaicin mutum a duniya bai kai tan biyar ba a shekara, da wutarsa da motarsa da komai. Kujerar bizines da ake kwanciya a kai tana cin wurin kujeru kusan uku, shi ya sa ma'aunin Birtaniya ke ninka lambar da 2.9 a doguwar tafiya. Maganar ejan gaskiya ce a kan jirgin da zai tashi gobe kawai. Kamfani yana duba yawan masu saye ne kafin ya ƙara jirgi a kan hanya ko ya rage.

Batun gogewa kuwa, ban ba ka shawara ba. Yawancin kuɗin ana cewa za a kare daji da su a wata ƙasa. A 2023 jaridun Guardian da Die Zeit sun ba da rahoton cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na takardun kare dazuzzukan da babbar hukumar tantancewa, Verra, ta amince da su, da alama ba su rage komai ba. Verra ta musanta, amma kai ba ka da hanyar zuwa ka ga dajin. Ka sa kuɗin inda idonka zai gani. Sola a shago tana rage litar da kake zuba wa janareta, kuma kana iya ƙirgawa da kanka, kilo 2.3 kowace lita. In bishiya kake so, ka dubi manoman Maraɗi da Damagaram, waɗanda tun shekarun 1980 suke barin tohon gawo da sauran itatuwa su girma a gona, har suka farfaɗo da miliyoyin hekta. Wanda ke da gona a ƙauye zai iya hakan bana.

Amma babu abin da ya kai rage tafiya ɗaya. Ka haɗa odar zuwa biyu a zuwa guda, samfurin kuma a nuna maka ta bidiyo ko a aiko maka.

Ni ɗalibi ne. Daga Kano zuwa Abuja, jirgi ko mota, wanne ya fi sauƙin illa?

Ɗana, mota cike da mutane ta fi. Gajeriyar tafiya ita ce mafi cin mai ga jirgi a kowace kilomita, don da ya gama hawa sai sauka. Kasonka a jirgi zai kai kilo 50 ko fiye. Motar da ta sha lita 40 zuwa 45 ta fitar da wajen kilo 100, in ku biyar ne kowa kilo 20, bas kuma ƙasa da haka. In kai kaɗai ne a motar, ka zarce na jirgin. Jirgin ƙasa na Kaduna zuwa Abuja yana rage maka wani ɓangare na hanyar. Sai dai ka fara tambayar lafiyar hanya a ranar da za ka tafi, kuma kada ka yi tafiyar dare. In hankalin iyayenka bai kwanta da titin ba, ka hau jirgin.