Me ya sa mai hankali ke jan mota bayan ya sha giya?

Tambaya: Likita, ƙanena mutum ne mai natsuwa, amma in ya sha giya da abokansa da dare, shi ke tuƙo kansa gida. Na yi faɗa har na gaji, kullum sai ya ce ya san iyakarsa. Taurin kai ne ko me?

Amsa: 'Yar'uwa, ba lallai ba ne ƙarya yake miki, har ransa haka yake ji. Giya tun da wuri take taɓa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna haɗari ya kuma tsawatar wa mutum. Wato alƙalin da zai yanke hukuncin ko zai iya tuƙi, shi ne ya fara buguwa.

Wanda ya saba sha ya fi ruɗuwa. Ba ya tangaɗi, harshensa ba ya karyewa, sai ya ɗauka garau yake, alhali ƙafarsa na jinkirin kaiwa birki. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, kin ga jinkiri kaɗan ya isa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada barasa a jinin direba ta wuce giram 0.05 a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita), matasa da sababbin direbobi kuwa 0.02.

Sai kuma sabo. Duk daren da ya iso lafiya, zuciya na rubuta masa "ai na iya", ba ta lissafa sa'a. Ga abokai da ke wa mai ajiye makulli kallon rago, ga ƙyashin barin mota ta kwana a waje. Samari da masu son kasada sun fi faɗawa ciki. Kofi ko wanka da ruwan sanyi ba sa korar maye. Hanta ce ke aikin, a hankali take yi, har mutum kan wayi gari da saura a jininsa.

Abin da ya fi damuna shi ne dalilin shan. In damuwa ko rashin barci yake gudu, ko ya sha cewa zai daina ya kasa, maganar ta wuce tuƙi, ya kamata ya ga likitan ƙwaƙwalwa.

Kada ki tare shi cikin maye, musu kawai za ku yi. Ki same shi da rana, ku tsayar da magana ɗaya: ranar da zai sha, motar ta zauna a gida, a kuma san wanda zai dawo da shi tun kafin ya fita.