Idan Ƙasashe Suka Rufe Ƙofa, Yaya Manyan Kamfanoni Ke Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Daura. Da aka rufe boda a 2019, mu masu bin hanyar Kongolam mun ji jiki. Yanzu kuma ga Amurka da Sin suna ta ƙaƙaba wa juna haraji. Kamfanonin nan masu rassa a ƙasashe da yawa, wace dabara suka yi a da, lokacin da siyasa ta juya musu baya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. An taɓa shiga irin wannan hali mai tsawo, daga 1914 har zuwa shekarun 1970, kuma yawancin waɗanda suka kai labari sun yarda ne su saki suna da takardar mallaka domin su riƙe linzami.

Yaƙin Duniya na Farko ne ya koya musu hankali. Amurka ta ƙwace dukiyar kamfanin Bayer na Jamus, ta yi gwanjonta a 1918, har da sunan kamfanin. Sai a 1994 Bayer ya sake mallakar sunansa a Amurka. A Rasha kuwa, juyin juya halin 1917 ya cinye rijiyoyin man Shell da masana'antar keken ɗinki ta Singer.

Shi ya sa da yaƙi na biyu ya ƙarato, kowa ya shiga sauya riga. Nestlé ya kafa wani kamfani a Panama a 1936 ya ɗora masa rassansa na nesa. Philips na Holland ya mai da rajistarsa tsibirin Curaçao da ke yankin Karibiyan a 1940, kafin sojojin Hitila su ɗora hannu a kan komai. Beiersdorf, masu man Nivea, sun rubuta rassansu da sunayen amintattun abokai a ƙasashen waje, kamar yadda ɗan kasuwa kan bar kayansa a hannun fatoma. Amma wannan dabara ba ta fisshe su ba: bayan yaƙi an ƙwace tambarin Nivea a ƙasashe da dama, suka shafe shekaru masu yawa suna saye shi ɗaya bayan ɗaya. Unilever ma kuɗinsa sun maƙale a Jamus, aka hana fitar da su, sai ya sa aka ƙera masa jiragen ruwa da su a can, ya fito da jiragen.

Wasu sun jingina da ƙarfin gwamnatinsu. Da Iran ta ƙwace kamfanin mai na Ingila a 1951, Ingila da Amurka suka haɗa baki aka kifar da Firayim Minista Musaddiƙ a 1953. Duk da haka kamfanin bai koma cin kasuwar shi kaɗai ba, ga kuma gabar da ta biyo baya.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne dokokin mallakar 'yan ƙasa na 1972 da 1977. UAC, wanda kantunansa suka daɗe suna sayen gyaɗa da auduga a ƙasar Katsina, ya sayar da hannun jari har 'yan Najeriya suka riƙe kashi 60 cikin 100. To amma an warwatsa hannun jarin ga dubban mutane, shi kuwa Unilever, uwar kamfanin UAC, kashi 40 ɗinsa a lokacin dunƙule yake, ga kaya da masana duk ta hannunsa suke zuwa. Wa kake gani ke yanke shawara? Wasu ƙananan kamfanonin ma aron suna kawai suka yi, attajiri ya sa hannu a ba shi ladansa. Kamfanin kwamfuta na IBM ya ƙi yarda a raba da shi, ya tattara ya bar Najeriya da Indiya. BP kuma, kamfanin mai na Ingila, siyasar Afirka ta Kudu da Rodeshiya (Zimbabwe a yau) ce ta ci shi: gwamnatin Obasanjo ta ƙwace kadarorinsa a 1979, gidajen mansa suka koma AP, wato African Petroleum.