Amsa ga 'yar'uwar da ƙarni da farin ruwa suka hana sakewa

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ruwa tsararo mai launin toka yana zubo miki, da ƙarni irin na kifi, ya fi tashi bayan al'ada da bayan kin kwana da maigida, kin yi ta saka obil, wato maganin cusawa a gaba, a banza, kina tambayar wane maganin sanyi za ki saya. Don Allah kada ki sayi komai tukuna. Ina karantawa idona ya cika, don abin da ya same ni ke nan a Garwa.

Ni sai da na daina shiga mutane. Ga zafin Afrilu, ga zufa, in turara kayana har tari ya kama ni, amma da na tashi daga tabarma sai in ji shi. Ranar sunan ɗan ƙanin maigidana muna cikin ɗaki, yayarsu ta ja mayafi ta toshe hanci, ta ce a buɗe taga, sannan ta ce wai mace in ta kama kanta ba ta wari. A gaban surukata, a gaban baƙin da suka zo daga Marwa. Babu wadda ta tanka. Kofin kunun da ke hannuna na ajiye, na kasa sha. Ita ce kuma ta kai wa maigida maganar, ya yi ta min kallon tuhuma, ni da ban taɓa sanin wani namiji ba. Har yau muna gaisawa, amma zuciyata ba ta manta ba.

Ungozoma ce ta rubuta min PCV, wato gwajin ruwan gaban mace. Auduga ce a kan ɗan tsinke, a shafo ruwan daga ciki, babu zafi, sai dai kunya. Ki roƙa mace ta ɗauka miki. A labo, wato ɗakin gwaji, ake shafa shi a gilashi a duba da madubin likita. Mai gwajin, Allah ya saka mata, ta bar ni na leƙa. Ƙwayar fatar cikin gaba mai lafiya gefenta a fili yake. Tawa kuwa ƙwayoyin cuta sun manne mata ko'ina kamar an barbaɗa riɗi, har gefen ya ɓace. Ta ce wannan ce shaidar vajinoz, ƙwayar Gardnerella da ire-irenta sun rinjayi masu amfani, wato laktobasil, waɗanda ke riƙe tsamin wurin. Shi ya sa suke auna tsamin, in ma'aunin pH ya haura 4.5, tsamin ya ragu ke nan, alama ce. Obil ɗin da kike sakawa, in na kandida ne, wata cutar gaba daban, ba zai taɓa wannan ba. Kandida ruwanta mai kauri ne guda-guda, da ƙaiƙayi mai tsanani. Akwai kuma trikomonas, ita ana ganinta tana motsi a gilashin, kuma dole a yi wa maigida magani shi ma. Ido ba ya raba su, balle mai tebur a kasuwa.

Masu kayan mata kuwa, Allah ya isa. Wata ta karɓe min kuɗi jaka-jaka, ta ce in riƙa tsarki da bagaruwa da kanumfari, in cusa miski. Wanke cikin gaban nan da cushe-cushe su ke kashe laktobasil masu tsaron wurin. Ruwa zalla daga waje ya isa. In kina tsarki da Dettol, ki ajiye shi.

Kada ki je gwajin kina al'ada. Ki ɗaga wa maigida ƙafa kwana biyu, ki dakatar da obil, ranar kuma kada ki wanke cikin gabanki, in ba haka ba sakamakon zai rikice. Ni metronidazol aka ba ni, miligiram 500 safe da dare, kwana 7. Yana sa ɗacin baki da tashin zuciya, ki daure ki ƙarasa ko ƙarnin ya ɗauke. Amma ki bari su rubuta miki naki. Yana iya dawowa, in ya dawo ki koma labo.

Ba ki faɗa ba, kina da ciki? In akwai, gobe ki tafi, don yana iya jawo haihuwa kafin lokaci, kuma ki sanar da ungozoma kafin ki sha komai. Takardar sakamakon ki adana ta, ki sa maigida ya raka ki ya ji bayanin daga bakinsu.