Zauren Shari'a: takardar lauya ta iso shago, ina mafita?

Wasiƙu huɗu muka zaɓa a wannan fitowa, kuma duk sun shafi haƙƙin mallaka: barazanar kotu a kan abin da bai taka kara ya karya ba, da rawar da lauya ke takawa a ciki.

Assalamu alaikum Barista. Ni maɗinki ne a Kasuwar Barci, aikin wuyan babbar riga nake yi. Makon jiya aka kawo mini takarda daga ofishin wani lauya, wai wani mai shagon tufafi ne ke da haƙƙin mallakar zanen aska takwas da nake ɗora wa riguna. An ce in biya naira miliyan biyar cikin kwana bakwai ko a maka ni a kotu. Ni kuwa a hannun mahaifina na koyi wannan aiki. Daga wani maɗinki, Tudun Wada.

Wa alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka. Takardar lauya ba hukunci ba ce, ba kuma sammaci ba ce. Kwana bakwai ɗin nan lauyan ne ya yanka su da kansa, ba dokar da ta yanka. Amma kada ka yaga ta, kada ka biya ko sisi, kuma kada ka buga waya kana ba da haƙuri, domin ban haƙurin nan ana iya kawo shi gobe a ce ka amsa laifi. Rubuta ranar da ta zo hannunka, ka ajiye ta da ambulan ɗinta. Duba kusa da sa hannun: ya kamata ka ga hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, ɗauke da sunan lauyan da lambarsa ta shiga aiki. In babu, wannan ma abin tambaya ne.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare aikin da mutum ya ƙirƙira da basirarsa ya kuma fitar da shi a zahiri. Ba ta kare tunani, ko dabarar yin aiki, ko salo. Aska takwas da aska biyu sun girmi kakan mai shagon, ba wanda zai tashi yau ya ce nasa ne. Irin waɗannan kayan gado, da tatsuniya da waƙoƙin gargajiya, doka ta ware musu babi na daban, ta ɗora kulawarsu a kan Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, ba a kan wani ɗan kasuwa ba. Sannan zanen da aka yi shi tun farko don a riƙa bugawa a jikin kaya da yawa, hanyarsa rajista ce a ƙarƙashin dokar 1970 ta ƙirƙira da zane-zanen masana'antu. Rajistar shekara biyar take yi, ana sabunta ta sau biyu, kuma sai zanen ya kasance sabo.

Sami lauya ya mayar da amsa a rubuce, ko da shafi ɗaya ne, ya nemi a nuna ainihin zanen da ake magana a kai, wanda ya zana shi da shekarar da ya zana, takardar sayarwa in sun ce saya suka yi, domin doka ba ta yarda da sayar da haƙƙin mallaka da fatar baki ba, sai kuma shaidar rajista in akwai. Mai iƙirarin banza a nan yakan yi tsit.

Wuri ɗaya zan ja kunnenka. In mutumin ya zauna ya fitar da sabon zane nasa, kai kuma ka kwafe shi layi-layi, magana ta canja. Haka in ka ɗauko hoton rigarsa daga shafinsa ka sa a naka na Instagram kana tallar shagonka: hoton kansa yana da kariya ta shekara 50, ko da ɗinkin da ke jikinsa na kowa ne.

Barista, ƙanena yana da ɗan wurin buga takardu. Wani ya kai shi ƙara kan littafin da marubucinsa ya rasu tun kafin 1940. Kotu ta yi watsi da ƙarar, sai ga shi ya sake shigar da ita a wata kotun. Da na yi wa lauyansa magana sai ya ce shi ɗan aike ne, abin da aka sa shi yake yi. Ashe lauya ba ya da laifi ke nan? Daga wata malamar makaranta, Unguwar Rimi.

Malama, wannan amsa tasa ba ta da gurbi a aikin lauya. Ƙa'idojin aikinmu, waɗanda aka sabunta a 2023 suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024, sun yi maganar nan ƙarara. Ƙa'ida ta 24 ta ce lauya ne da kansa ke ɗaukar nauyin zaɓen ƙarar da zai kai gaban alƙali, kuma cewa umarnin wanda ya ɗauke shi yake bi ba ya wanke shi. Ta 15 ta hana shi shigar da ƙarar da ya sani, ko ya kamata ya sani, ba ta da wata manufa sai muzgunawa. Lauya ma'aikacin kotu ne kafin ya zama na mai biyansa. Littafin da marubucinsa ya rasu kafin 1940 kuwa lissafinsa ba wuya: kariyar rubutu tana ƙarewa shekara 70 bayan ƙarshen shekarar rasuwar marubuci. Wanda ya yi makarantar lauyoyi bai da uzurin jahiltar wannan. Abin da za a duba kawai shi ne ko bugun da ƙanenki ya yi amfani da shi yana ɗauke da sabuwar fassara, ko sharhi, ko gabatarwar wani na baya, domin waɗannan suna da tasu kariyar.

Sai dai a yi adalci. Ba kowace ƙarar da ta faɗi ce ta banza ba. Ƙa'idar ta bar wa lauya damar ya kawo hujjar da ke neman a faɗaɗa fassarar doka ko a sauya ta, matuƙar da zuciya ɗaya yake yi. Da ba haka ba, talakan da hujjarsa ke da rauni kaɗan ba zai taɓa samun mai tsaya masa ba. Abin da ake hukuntawa shi ne ƙarar da ba ta da tushe balle makama, da yawo da magana ɗaya daga wannan kotu zuwa waccan don a gajiyar da mutum.

Hanya biyu ce a gabanku. Ta farko a cikin kotun: lauyan ƙanenki ya shigar da ƙorafin farko, ya haɗa da kwafin hukuncin baya mai hatimin kotu, ya nemi a kori ƙarar saboda wasa da tsarin shari'a, ya kuma roƙi a ɗora kuɗin ɗawainiya a kan lauyan shi kansa. Kotunanmu suna yin haka. A watan Fabrairun 2020 Kotun Ƙoli, ta bakin Mai Shari'a Amina Augie, ta umarci manyan lauyoyi biyu masu muƙamin SAN su biya naira miliyan 30 kowannensu daga aljihunsu, saboda sun nemi ta sake duba hukuncin da ta riga ta yanke kan kujerar gwamnan Bayelsa. Ku lura da abu ɗaya: in ƙarar farko cire ta kawai aka yi daga jerin shari'u, misali don rashin hurumi, mai ƙara yana da damar gyarawa ya dawo. In kuwa an saurari hujjoji aka kore ta, ƙofa ta rufe sai ɗaukaka ƙara. Ku karanta kalmar da alƙalin ya yi amfani da ita.

Ta biyu ita ce Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, LPDC, da ke zama a Abuja. Ana rubuta koke tare da takardar rantsuwa mai bayyana abin da ya faru daki-daki da ranaku, a liƙa kwafin wasiƙu da takardun kotu. Ana iya miƙa shi ta hannun shugaban reshen NBA na Kaduna ko na Barnawa, ko Babban Jojin jiha, ko Antoni Janar. Kwamitin na iya yin gargaɗi, ko dakatarwa, ko share sunan lauya daga rajista gaba ɗaya. Abin da ke kashe yawancin koke-koke shi ne a cika takarda da zagi da zargi ba tare da shaida ko ɗaya ba, ko mai koke ya daina bibiya. Hanyar tana cin lokaci, amma ina ganin ta cancanci wahalar, domin mai irin wannan hali ba a kan mutum ɗaya yake tsayawa ba. A Amurka wasu lauyoyi biyu na wani ofishi mai suna Prenda sun riƙa ɗora finafinan batsa a intanet da hannunsu, su bi waɗanda suka sauke su da barazanar ƙara da tonon silili, har suka tara kusan dala miliyan 6. A 2019 aka ɗaure ɗaya shekara 14, ɗayan shekara 5.

Ina sharhin finafinan Hausa a YouTube. Nakan sa 'yan daƙiƙoƙi daga fim in yi bayani a kai. Wani furodusa da na soki aikinsa ya sa an sauke mini bidiyo biyu. Daga wani matashi, Kawo.

Ɗan'uwa, kana bakin rami, domin takardar neman a sauke bidiyo kan haƙƙin mallaka tana jawo gargaɗi daga YouTube, kuma gargaɗi uku cikin kwana 90 na iya rufe tashar ɗungurungum. Fara bambance abin da ya same ka. In na'urar YouTube ce ta gano sautin fim ta karkatar da kuɗin talla, wannan ba gargaɗi ba ne. Kana iya ƙalubalanta, mai iƙirari yana da kwana 30 ya amsa. In kuwa takardar saukewa aka aika, sai ka cike takardar musantawa. Daga nan yana da ranakun aiki 10 ya nuna ya kai ka kotu, in bai nuna ba a mayar da bidiyon. Sunanka da adireshinka za su isa gare shi, ka san da wannan kafin ka danna.

Dokarmu ta 2022 ta halatta ɗaukar wani yanki don suka, sharhi, ko ba da labari, tare da ambaton sunan aikin da mai shi. Kotu na auna manufarka, irin aikin, yawan abin da ka ɗiba, da ko bidiyonka ya rage masa kasuwa. Daƙiƙa 20 da muryarka a kai tana fashin baƙi daban take da minti 15 da ka saki ba ka ce uffan ba. Rubuta "ba ni da haƙƙin mallakar wannan" a ƙasan bidiyo ba ya kare kowa. Dokar kuma ta ce wanda ya yi ƙaryar cewa an keta haƙƙinsa, yana sane, har aka sauke abin wani, zai biya diyyar asarar da ya jawo. Don haka ɗauki hoton allon kuɗin shigarka na watannin baya, shi ne ma'aunin asararka.

Lauyana ya kai ƙarar satar waƙata Babbar Kotun Jiha, bayan shekara biyu aka ce ba ta da hurumi. Wa zai biya ni? Daga wani mawaƙi, Rigasa.

Malam, sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe shari'ar haƙƙin mallaka ga Babbar Kotun Tarayya, kuma tana da reshe a nan Kaduna. Sashe na 9 na dokar lauyoyi ya ce ana iya neman diyya daga lauya kan sakaci, in ban da yadda ya gudanar da shari'a a gaban alƙali. Zaɓen kotu a ofis ake yin sa kafin a je, don haka kana da abin faɗa. Rubuta masa ka nemi fayil ɗinka da rasit na duk abin da ka biya. Kai wa wani lauyan ya duba cikin makon nan, ya fara da lissafin ko wa'adin shigar da ƙara bai ƙure ba, sannan ya sake shigar da ita inda ya dace, tare da ainihin faifan da ka fara naɗa da ranar da situdiyo ta ba ka shi.