Amsar Baffa Kan Sanya wa Jariri Sunan Umaru

Ɗana, saƙonka ya iso ni bayan sallar isha'i, na kuma yi farin ciki da jin cewa maiɗakinka ta sauka lafiya. Allah ya raya mana, ya sa mai albarka ne. Ka tambaye ni ko al'ada ta yarda mutum ya tsallake sunayen kakanni ya yi wa ɗansa takwara da wanda ba jininsa ba, tunda ranka ya kwanta da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Abin da muka tarar tun kafin iyayenmu su zauna a Makka shi ne, ɗan fari na kakansa ne, kai kuwa ka riga ka sauke wannan nauyi, shi ya sa uwarsa take kiransa Abba don kada ta kama sunan surukinta. Na biyu uba ne yake zaɓa, ko sunan malaminsa, ko na amini, ko na shugaban da jama'a suka shaidi halinsa. Sai dai dattawa za su tambaye ka abin da ka gani a wurinsa, kuma bai kamata ka tsaya kana sosa ƙeya ba.

An haifi 'Yar'aduwa a Katsina a 1951, a gidan sarauta da siyasa, amma da ya gama karatun kimiyyar sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello sai ya kama alli ya zama malami, ya kuma bi jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano alhali mahaifinsa yana jam'iyyar NPN. Ya yi gwamnan Katsina daga 1999 zuwa 2007. Abin da ya fi kama zuciyata ya faru ne ranar da aka rantsar da shi shugaban ƙasa, domin ya faɗa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da nakasu, sannan ya ɗora wa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais aikin gyara. Ya bayyana dukiyarsa a bainar jama'a, ya rage kuɗin man fetur, a 2009 kuma ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa suka ajiye makamai.

A watan Nuwamban 2009 aka kawo shi asibitin Sarki Faisal a Jidda. Ina tuna yadda muke zama a unguwar Shara Mansur ta Makka bayan magariba, rediyo a tsakiyarmu, shayi yana hucewa a kofi, wani tsoho yana jan carbi yana roƙa masa sauƙi. Ba zan ɓoye maka ba, tafiyar da aka yi da shi ba tare da an miƙa wa mataimakinsa ragama ba ta jefa Najeriya cikin ruɗani, sai da majalisa ta mai da Goodluck Jonathan muƙaddashi a Fabrairun 2010. 'Yar'aduwa ya rasu ranar 5 ga Mayu, aka yi masa sutura a Katsina.

Saboda haka na amince. Ka sanar da surukanka kafin ranar bakwai, ragon kuma daga wurina zai zo. Idan uwar yaron tana neman sunan kira, Umaru Sanda ake ce masa.